Harafin Ƙ da Tarihin Shigarsa Rubutun Na'ura

Harafin ƙ ɗaya ne daga cikin haruffa masu ƙugiya na rubutun boko, tare da ɓ da ɗ, da kuma ƴ wanda mutanen Nijar suka riƙa, alhali a Nijeriya galibi 'y ake rubutawa. Malaman ajami ba su sha wahalar wannan sauti ba, domin sun ari ƙaf ta Larabci, mai ɗigo guda a bisa a hannun Magaribawa, suka ɗora mata shi. Mas'alar ta taso ne da zuwan abacadan Turawa, wanda k guda kaɗai gare shi, har marubutan farko suka yi ta saɓani, wannan ya sa ɗigo a ƙarƙashi, wancan ya rataya waƙafi a gefe. Sai a shekarun 1930, zamanin da Dokta Rupert East ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsaya a kan ƙugiya, kuma littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, su ne suka sabar wa jama'a da ita.

Abin da maɗaba'a ta karɓa, tafireta ba ta karɓa ba, sai akawu ya buga k sa'an nan ya bi ta da alƙalami ya lanƙwasa mata kai, in ya tuna. Kwamfuta kuwa ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kuma ƙa'idar ASCII da aka tsara a Amurka a 1963 gurbi 128 kawai ta tanada, waɗanda Ingilishi ya cinye ba tare da ya rage wa kowa ba. An fitar da ƙa'idar ISO 6438 a 1983 domin haruffan Afirka, amma ba ta wuce ɗakunan karatu da nisa ba, har Unicode ta bayyana a 1991 ta ba ƙ lamba U+0199, babban Ƙ kuma U+0198. Wani abin lura shi ne an raba ɓ da ɗ da manyansu, aka zaunar da ƙananan a sashen alamomin masana furuci, manyan kuma a wani sashe dabam.

A tsarin UTF-8, wanda yau ya mamaye intanet, k bayit guda take ci, ƙ kuwa biyu, watau C6 da 99. Idan kuma tsohuwar manhaja ta karanta su ɗai-ɗai bisa jahilci, sai mai karatu ya tarar da Æ™ a tsakiyar kalma.

Haƙiƙa ba a jin nauyin wannan al'amari kamar a wayar hannu. A ƙasar noman rani ta Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ke bin kwatoci zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir, sakataren ƙungiyar manoma da ke son sanar da ranar sakin ruwa ko rabon taki yana da gurbin harafi 160 a saƙon tes guda. Amma da zarar ya sa ƙ ɗaya tak, sai wayar ta sauya tsari, gurbin ya koma 70, kuɗin ya ƙaru. Ba mamaki da mutane suka yar da ƙugiya, suka bar wa mai karatu ya rarrabe garin Kura da ƙurar sussuka daga zubin magana, kuma zalunci ne a kira wannan lalaci.

Yanzu allon rubutu na Gboard da makamantansa suna ɗauke da Hausa, WhatsApp kuma ba ya cajin ƙugiya, sai dai sabo ya riga ya yi jijiya. Illarsa a rajista take fitowa, domin a wurin na'ura k lamba 107 ce, ƙ kuma 409, don haka manomin da aka shigar da sunansa Ɗanƙane a jerin masu taki yana iya ɓacewa idan akawu ya neme shi da Dankane.