Waiwaye Kan Tauraruwa Mai Wutsiya

A shekarar 1969, wadda a cikinta Amurkawa suka sauka a duniyar wata, yaƙin basasa kuma bai ƙare ba a nan gida, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Manazarta da dama na kallonsa a matsayin ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa.

Tafiya zuwa wata duniya ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda gasar 1933 ta haifar, ya kai gwarzonsa ƙasar aljannu. Abin da Dembo ya sauya shi ne abin hawa da matafiyin. Kilba yaro ne, ba barde ba, kuma jirgi ne ya kai shi sararin samaniya tare da baƙonsa Kolin Koliyo. Hatta sunan littafin abin lura ne, domin Bahaushe ya saba ɗaukar tauraruwa mai wutsiya a matsayin alamar masifa, sai ga ta a bangon littafin da ke kwaɗaitar da yara sanin taurari.

Wanda ya sake karanta shi yau zai tarar al'ajabin ya dusashe. Ai Nijeriya kanta ta harba tauraron ɗan'adam daga Rasha a 2003. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin magada. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, jigon soyayya da zaman aure ne suka mamaye fagen, turbar da Dembo ya share kuwa sai ciyawa ta rufe ta.