Daga Kaset Zuwa Kart Memwar: Ina Tallar Ta Tafi?

Duk wanda ya taɓa kai salularsa wurin mai tura fim, ko a Gidan Sori ko a Tibiri ko a Maraɗi, ya san fim ɗin da ake zuba mishi yana farawa ne kai tsaye, babu talla a gaba. Amma fa ba haka fim ɗin ya baro hannun mai shi ba. Akwai wanda ya sa almakashi a hanya, kuma wanga almakashi yana da tarihi.

A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko da ya shiga kasuwa a kaset ɗin bidiyo. Daga nan kaset ya riƙa biyo hanyar Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, ya sauka Maraɗi, ya bazu cikin ƙauyuka inda ake kunna shi da gurup ko batirin mota. A farkon kaset ana jera tallar fina-finai masu fitowa, da waƙoƙinsu, da sunayen shagunan da za a same su. Wani lokaci ma waƙar tallar ce ke sayar da fim tun bai fito ba. Mai gidan kallo yana iya tura kaset gaba, amma tallar tana nan daram bisa zare. Duk wanda ya kwafa, da ita zai kwafa.

Faifan VCD, wanda kamfanonin Philips, Sony, JVC da Matsushita suka tsara a 1993, ya zo ya ture kaset. Yana ɗaukar abin da bai wuce minti 74 zuwa 80 ba. Tun daga nan wuri ya fara tsada, amma talla ba ta rasa gurbinta ba, don ƴan kasuwar fim na Ƙofar Wambai da Bata a Kano su ne masu buga faifan, kuma tallar tasu ce.

Abin ya juya ne da zuwan salula mai kart memwar. Fim ya tashi daga kayan da ake riƙewa a hannu, ya koma fayil cikin kwamfuta. Mai tura fim yana juya shi zuwa 3GP, daga baya MP4, don ya ƙanƙance ya shiga ƙaramin kart. To a wajen juyin nan ne manhajar ke ba shi dama ya zaɓi inda za a fara da inda za a tsaya. Mi zai sa ya ɓata wuri da minti goma na talla, alhali mai saye fim biyar yake so da ƴan dalolinsa? Sai ya datse.

Ba mu kaɗai muka ga wannan rigima ba. A Amurka, kamfanin fim na Universal ya kai Sony ƙara saboda na'urar Betamax, kuma a 1984 kotun ƙoli ta ce naɗar shiri a gida don kallo daga baya ba laifi ba ne. A 2001 manyan gidajen talabijin suka kai masu ReplayTV kotu, saboda na'urar tana tsallake talla da kanta. Dabarar irin waɗannan na'urori ita ce lura da alamu: hoto ya yi baƙi na ɗan lokaci, sauti ya ɗauke, ko tambarin tasha ya ɓace daga kusurwa. Can na'ura ke yankewa, nan yatsan matashi ne a cikin rumfa. Tambayar dai ɗaya ce: in an cire talla, wa zai biya kuɗin aikin?

Amsar ta fito fili. Kasuwar faifai ta mutu, masu shirya fim suka nemi mafaka. Arewa24 ta buɗe a 2014, shiri irin Daɗin Kowa ya rayu da tallar tasha. A 2020 Izzar So ya nuna cewa YouTube ma kasuwa ce, inda talla ke biyan mai shiri. Wasu kuma suka cusa tallar cikin fim ɗin kansa: rubutu yana gudu a ƙasan allo, jarumi yana yabon shago ana tsakiyar labari. Wannan kam almakashi ba ya iya ta, sai dai ka yanke labarin. Mun gudu daga tallar bakin ƙofa, ga ta ta shigo har tsakar ɗaki.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Tallar da aka zubar shaida ce ta zamaninta: sunayen fina-finan da suka ɓace, muryoyin mawaƙa, shagunan da aka rufe, irin Hausar da ake talla da ita. Fayil ɗin da ke yawo yau a salula babu ko ɗaya daga ciki.

Don haka, in ka ci karo da tsohon kaset ko faifai cikin adakar gidanku, kuma za ka juya shi zuwa fayil, yi kwafi biyu. Ɗaya ka yanke don kallo, ɗaya ka bar shi cikakke tun daga daƙiƙar farko. Mai binciken tarihin gobe, wataƙila ɗaya daga cikinmu, na biyun zai nema.