Dilar Gwanjo da Annoba: A Tufa Cutar Take ko a Cunkoso?

Idan ka taɓa tsayawa a layin 'yan gwanjo a kasuwar Sara da ke Gwaram, ko a kasuwar Birnin Kudu, ka san abin da ke faruwa da zarar an kwance sabuwar dila. Kafin mai kaya ya gama zazzagewa an yanyame shi. Wannan ya ja hannun riga, wancan ya ja wuyanta, ana ciniki ana ɗaga murya, kowa na son ya riga wani tsintar mai kyau. Riƙe wannan a ranka, mai karatu, za mu dawo kansa.

A 2020 mutane da yawa sun yi tambaya ɗaya: shin rigar da wani ya sa a wata ƙasa za ta iya kawo mana korona? To, tambayar nan ta girmi korona da ɗaruruwan shekaru.

Tsoron tufa tsoho ne

A 1377 birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya, ya kafa dokar tsare masu zuwa daga garuruwan annoba na kwana 30 kafin su shigo. Daga baya birnin Benis na Italiya ya riƙa tsare jiragen ruwa kwana 40, ana baza yadudduka da ulu su sha iska a tsibiri. Ba su san ƙwayar cuta ba, sun dai lura cewa annoba na bin hanyar fatauci.

Kuma ba a banza suka ji tsoro ba. A 1665 annoba ta ɓarke a ƙauyen Eyam na Ingila, ta kashe mutum kusan 260. Tarihin ƙauyen ya danganta farkonta da wani ƙunshin yadi da aka aiko wa tela daga Landan, wanda ake jin ƙuma ce ta maƙale a ciki. Agana ma, wadda kakanninmu suka sani sarai, tana iya bin tufafi da shimfiɗar majinyaci, domin ƙwayarta kan daɗe a ɓawon ƙuraje.

A Afirka aka warware wani ɓangare na wannan sirri. A birnin Tunis, likita Charles Nicolle ya lura cewa masu zazzaɓin taifus suna harbin mutane a gari, har da masu wankin kayansu, amma da zarar an yi musu wanka an canja musu tufa sai su daina harbin kowa. A 1909 ya tabbatar cewa ƙwarƙwatar da ke cikin tufa ce ke yaɗa cutar, abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 1928. Ka ga ke nan kowace cuta da hanyarta, kuma wasu lallai ta tufa suke bi.

Da korona ta zo

An tabbatar da korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020 a Legas, ta iso Kano ranar 11 ga Afrilu. A Jigawa, gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta riƙa sanya dokar kulle a wurare bi da bi, ciki har da Birnin Kudu, harkar kasuwannin mako ta ja baya. Abin ya faɗo cikin azumi, daidai lokacin da magidanci ke lissafin kayan sallar yara. Ga wanda ba ya iya yankar sabon yadi, gwanjo ne rufin asiri.

Dama 'yan gwanjo na cikin matsi. Doka ta hana shigo da tsofaffin tufafi Najeriya, don haka yawancin diloli ta Kwatano da Lome suke biyowa kafin su iso irin kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, inda ƙananan 'yan kasuwa ke sarowa. Gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa tun Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020.

Can inda kayan ke fitowa ma tsaye aka yi. Kaso mai yawa na gwanjo tufafi ne da Turawa ke bai wa shagunan ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam kyauta. Abin da shagunan ba su sayar ba shi ake tacewa a ɗaure a turo mana. Da aka sake buɗe shagunan Ingila ranar 15 ga Yuni 2020, sai suka riƙa killace duk kayan da aka kawo na awa 72 kafin a fito da su. Kenya kuwa ta dakatar da shigo da gwanjo a watan Maris, ta janye dokar a Agusta.

Daga ina awa 72 ta fito?

Daga ɗakin gwaji. A Maris 2020 wasu masu bincike a Amurka suka wallafa cewa ƙwayar korona na iya kai awa 72 da rai a kan roba da ƙarfe, awa 24 a kan kwali. Wani bincike a Hong Kong ya nuna cewa a kan yadi ba a samu ƙwaya mai iya harbi ba zuwa kwana na biyu. Amma lura, a gwaji ana zuba ƙwayar da yawa, a ɗaki mai sanyi, babu rana. Zafi da hasken rana suna saurin kashe ta.

Yanzu yi lissafi da kanka. Dila kan shafe makonni a teku, ta kwana a sito, ta hau mota zuwa Kano, sannan ta iso Sara. Ƙwayar da ba ta wuce kwana biyu a yadi, ina za ta kai?

A Yulin 2020 masana 239 suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa cutar ta iska take bi. A Afrilun 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa taɓa abin da ƙwayar ta sauka a kansa ba ya harbin ko mutum 1 cikin 10,000. Wato haɗarin na cikin numfashin waɗanda suka yanyame dilar nan da muka fara da ita. An tsare kaya, alhali jama'a ya kamata a rarraba.

Me za mu riƙe?

Ba laifi ba ne da aka yi taka-tsantsan a farko, lokacin ba a san halin cutar ba. Sai dai idan wata annobar numfashi ta sake zuwa, ana iya cin kasuwa ba tare da an kashe sana'ar talaka ba. Kasuwanninmu na fili ne, wannan ma sa'a ce. A kwance dila kafin masu saye su taru, a rataye kaya ko a baza su a shimfiɗu da dama, a sa takunkumi, mai tari da zazzaɓi ya zauna a gida.

Kada kuma ka ɗauka tufa ta wanku daga zargi har abada. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, tana bin tufafi da zanen gado. Ƙazuwa da ƙwarƙwata ma haka. A nan, kayan da dillaliya ta karɓo daga wani gida da safe ta kawo maka da yamma sun fi dilar Turai buƙatar kula, don ba su yi doguwar tafiya ba. Maganin kuwa iyayenmu sun daɗe da saninsa: wanki da sabulu, shanya a rana, sannan guga.

Saboda haka duk ranar da ka ji an ce a rufe kasuwa saboda wata cuta, fara da tambayar da Nicolle ya yi a Tunis: ta wace hanya take bi? Amsar ce za ta nuna ko kaya za a killace, ko cunkoso za a rage. Allah Ya kiyaye mu.