Faifan Ajiya na Hannu Daga Cibiyoyin Bayanai: Nazarin Amincinsa a Sabar Gida

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko ya dace mai sabar ajiya a gida ya sayi faifan da ya gama aiki a cibiyar bayanai aka yi masa kwaskwarima. An dogara ga binciken da aka wallafa kan mutuwar faifai, aka auna shi da yadda ake cinikin kayan. An gano cewa rahoton SMART, wato rahoton lafiyar faifai, yana iya tona asirin faifai mai matsala, amma ba ya iya wanke shi.

Gabatarwa

Faifai irin su Seagate Exos da WD Ultrastar an ƙera su ne don aiki dare da rana, da garantin shekara 5 da ƙarfin ɗaukar terabayit 550 a shekara. In cibiyoyi suka sauke su, sai su shiga kasuwa da araha. Iri biyu ne: wanda kamfanin da ya ƙera ya sake gwadawa ya ba shi gajeren garanti, da wanda dillali ya goge ya sayar. Masu saye da yawa ba sa bambance su.

Abin da Bincike Ya Nuna

A 2007 Pinheiro da Weber da Barroso na Google suka bi diddigin faifai sama da 100,000. Faifan da ya nuna kuskuren dubawa na farko, yiwuwar mutuwarsa cikin kwana 60 ta ninka ta sauran sau 39. Sai dai kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar SMART ba ko kaɗan. A shekarar ce kuma Schroeder da Gibson na Jami'ar Carnegie Mellon suka nuna cewa ana yawan sauya kashi 2 zuwa 4 na faifai a shekara, alhali takardun kamfanoni na cewa ƙasa da 1, kuma adadin yana hawa da tsufan faifai.

Ga kuma ha'inci. A farkon 2025 kafar Heise ta Jamus ta ruwaito cewa wasu dillalai sun sayar da faifan Exos a matsayin sabo bayan an mayar da lissafin SMART sifili. Wani rajistan daban mai suna FARM, wanda manhajar smartctl ke karantawa, shi ya fallasa dubban sa'o'in da faifan suka yi suna juyawa.

Tattaunawa

Babban haɗarin yana zuwa ne lokacin sake gina RAID, wato jerin faifan da ke aiki tare. Faifan da aka saya tare galibi sa'o'in juna ne, wuri ɗaya suka yi aiki. In ɗaya ya mutu, sai an karanta sauran kaf, aikin da kan ci yini ko fiye a manyan faifai, kuma a nan na biyu ke iya bin sahu. A Nijeriya abin ya fi tsanani, domin ɗauke wuta a tsakiyar aikin ba baƙon abu ba ne, kuma mayar da faifai ƙasar waje neman garanti na iya cinye rangwamen da aka samu.

A ganin mai wannan nazari, sayen ya dace ne kawai ga wanda zai kwatanta SMART da FARM, ya duba lambobin SMART 5 da 197 da 198, ya rubuce faifan gaba ɗaya da manhajar badblocks kafin wa'adin mayarwa ya cika, sannan ya kafa RAIDZ2 bisa UPS tare da kwafi a wani wuri. Wanda kuɗinsa na faifai ɗaya ne tak, ya sayi sabo.