Sauyin Dokar Lantarki da Ƙauyukan Gidan Rumji

Tun da aka kafa kamfanin NIGELEC a 1968, rarraba wutar lantarki da sayar da ita a Jamhuriyar Nijar suna hannunsa. Dokar lantarki ta 2016 ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshin samar da wuta, hukumar ARSE kuwa, wadda aka kafa a 2015, ita ke sa ido kan farashi.

A jihar Maradi gasar ba ta yi nisa ba tukuna. Babban layi mai ƙarfin kilobolt 132 daga Katsina yake shigowa Gazawa, sannan a rarraba zuwa Maradi da Damagaram. Da Najeriya ta katse wutar a watan Agustan 2023, masu walda da masu ƙanƙara sai da suka koma ga janareto, har aka maido da ita a Maris ɗin 2024.

A ƙauyukan Gidan Rumji da Agye da layin bai kai ba, masu sayar da farantan hasken rana ne ke gasa da juna. Kafin ƙungiyar ƙauye ta ƙulla yarjejeniya da ɗayansu, ta nemi a rubuta kuɗin wata da kuma wanda zai sauya batir, domin batir ne ke fara lalacewa.