Bagaruwa Ɗaya, Ƙasa Biyu: Tarihin Jima Daga Kano Zuwa Wad Haddad

'Yan uwa, duk shekara idan muka taru bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, hirar ba ta wuce kuɗin mota, kwastan da canji. A bana mun ga ya dace mu waiwayi wata haja da ta riga mu duka sanin hanya, wato jemammiyar fatar akuya.

Tun kafin zuwan Turawa, ayarin raƙuma ke kwasar fatun jar akuyar Sakkwato daga Kano, su ratsa Agadas da Gat da Gadamas har Tarabulus. Da yake daga tasoshin Arewacin Afirka take isa Turai, can sai aka laƙaba mata suna fatar Maroko. Wahala ta majemin Kano, suna na wani. Baturen nan Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda fatu da takalman birnin ke kaiwa ƙasashe masu nisa.

Hanyar gabas kuwa ta mahajjata ce. Kakanninmu sun bi ta Borno da Wadai da Darfur a ƙasa, tafiyar da kan ci shekaru. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman audugar Jazira ya ƙara jawo mutanenmu, ƙauyukan Hausawa suka yawaita a yankin, har da nan Wad Haddad, tsakanin Madani da Sinnar.

Me ya sa jima ta iya wannan doguwar tafiya? Domin kayan aikinta ba su da nauyi. Majemi na bukatar wuƙa, kwatarniya, toka da bagaruwa, sauran duk a kansa yake. Da suka iso sai suka tarar da bagaruwa jingim a gaɓar kogi. Larabawa na kiran itacen sunut, 'ya'yansa kuma garad, sun kuma daɗe suna jima da su. Baƙo bai san harshen kasuwa ba tukuna, amma ya gane itacen gidansu.

Aikin bai canza ba. A jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare shi, a cire sauran nama. A sa ta cikin ruwan kashin tattabara ko na kaji don ta yi laushi. Daga nan a tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa, ana juyawa ana murzawa har ya ratsa ta. A wanke, a shafe ta da man gyaɗa, a shanya a inuwa. Mai son ja sai ya nemi karan dafi da kanwa, mai son baƙi ya nemi kuloko. Daga hannun majemi sai na baduku: gafakar Alƙur'ani, layu, kuben wuƙa, da takalmin markub da mutanen Sudan ke ji da shi. Da irin wannan ciniki mahajjata da yawa suka haɗa guzurin ƙarasawa Sawakin, wasu kuma suka kafa jarin da jikokinsu ke juyawa yau.

Yanzu fa? Takalmin roba ya cika kasuwa, masana'antu na jima da sinadari, matasa na gudun warin majema. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, ya kuma iso Madani a Disambar shekarar, ya tarwatsa kasuwanni da masu sana'a. Mu ma da namu laifin: mun fi son ɗanyar fata mai gishiri, mu loda mu wuce, ribar jima ta tafi wata ƙasa.

Tsofaffin majemanmu sun yi ƙaranci, kuma wannan ilmi ba a takarda yake ba. Shawararmu ita ce kowane ɗan ƙungiya mai harkar fata ya riƙa ware wani kaso ya kai majema, ya biya da daraja, ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin yaran da za su zauna gaban dattawan nan su koya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.