Tabkin Madarunfa: ruwan da muka gada, rairayin da ke cin shi

Yau a filinmu na tarihi ba za mu yi nisa ba. Daga nan Sarkin Yamma, wa bai taɓa cin tarwaɗa ko karfasar tabkin Madarunfa ba?

Tabkin nan ɗan gulbi ne. Gulbin Maraɗi da gulbin Gabi ke shayar da shi, idan damina ta yi kyau yakan kai eka 800 na awon hekta. A gefenshi akwai gandun daji na gwamnati, sannan ga kaburburan waliyyai 99 da kakanni suka ce suna kewaye da ruwan. Har gobe mutane na zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya, musamman lokacin Mauludi.

Dattawanmu sun san ƙarfin gulbin nan. A 1945 ambaliyarshi ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, dole aka tashi aka koma kan tudu. To amma gulbin daga ƙasar Katsina yake fitowa. Tun da aka gina barajin Jibiya wajajen 1990, ruwan da ke iso mana ya ragu. Ga kuma sarar itace: duk iccen da ya faɗi a kan tudu, ruwan sama sai ya kwashi rairayi ya zuba cikin tabki. Haka yake cikewa sannu a hankali, kifi na raguwa, masunta da masu noman rani na ji a jikinsu.

Duniya dai ta san da wurin. A 2006 Nijar ta sa tabkin, dajin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2019 kuma ya shiga yarjejeniyar Ramsar mai kare wuraren dausayi.

Sai dai takarda ba ta tsaida rairayi, icce ke tsaida shi. Mu da ke kusa da dajin Baban Rafi mun san amalanke nawa ke wucewa da itace zuwa Maraɗi kowace safiya. Gawon da manomi ya bari a gonarshi, shi ma gadin tabkin yake.

Ku tambayi tsofaffin gidanku ina bakin ruwan yake a ƙuruciyarsu, ku aiko mana, mu karanta a shirinmu. Allah ya bar mana ruwanmu, amin.